Hayaƙin Islay da tsiron Kaka

Kwalbar wuski ɗaya na taɓa saya da kuɗina, yau fiye da shekara ke nan, kuma har yanzu ba ta kai rabi ba. Na san da yawa cikin masu karanta ni Musulmi ne, wasu kuma 'yan cocin da ba su yarda da giya ko ɗigo ba, irin cocin da mahaifiyata ta kai mu muna yara. Ina girmama wannan, kuma ba na kiran kowa ya sha. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani ƙamshi da ya tare ni a wani tsibiri na ƙasar Sukotlan, ya mayar da ni tsakar gidan kakata a kudancin Kaduna, wurin da rabona da shi shekaru masu yawa.

Aikin jinya nake yi a birnin Gilasgo na Sukotlan. Akwai wata abokiyar aikina da muke yawan haɗuwa a aikin dare, 'yar tsibirin Islay ce. Haka ake rubuta sunan, amma "Aila" ake faɗa. Ta daɗe tana cewa in zo in ga garinsu, ni kuma ina ta ja mata rai, har dai wani hutu ya faɗo mana tare a ƙarshen Oktoba. Mun hau bas fiye da awa uku zuwa wata tasha da ake kira Kennacraig, daga nan jirgin fito ya ɗauke mu, awa biyu da ɗan wani abu a kan teku, muka sauka a Port Ellen da yamma liƙis. Mutanen tsibirin gaba ɗaya ba su wuce dubu uku da 'yan kai ba, amma masana'antun wuski da ke cikinsa sun kai wajen goma.

Ina taka ƙasa ƙamshin ya daki hancina. Hayaƙi ne, amma ba na itace ba, ba kuma na gawayi ba. Yana da nauyi da danshi, kamar an kunna wuta a ƙasar da ruwan sama ya jiƙa. Abokiyata ta nuna mini wani dogon gini a gefen gari, ta ce can ake busar da tsiron sha'ir. Na tsaya cak da jakata a hannu. Tsiro? Ta yi mamakin yadda kalmar ta kama ni, ni kuma a lokacin ban iya yi mata bayani ba.

Da dare bayan mun ci abinci, mahaifinta, dattijo mai shekaru saba'in da wani abu wanda ya yi rayuwarsa yana kiwon tumaki, ya buɗe kabad ya ɗauko wata kwalba mai duhu. Wuskin Lagavulin ce, ɗaya daga cikin masana'antun tsibirin, 'yar shekara 16. Ya zuba mini ɗan kaɗan, bai fi cikin cokali biyu na miya ba, a wani ƙaramin kofin gilas mai faɗin gindi da tsukakken baki. Na kai baki zan kurɓa, sai ya ɗaga hannu. Ya ce, "'Yata, hanci ne ke fara sha. Ki bar shi ya huta tukuna."

Na bar shi. Da na kai hanci, abin da ya fara zuwa hayaƙin nan ne na bakin tasha, amma a tattare, kamar an naɗe shi an cusa a kofi. A bayansa akwai warin da na sani sarai, warin ɗakin wankin ciwo, aidin da bandeji. Sai kuma wani abu mai kama da kifi banda da aka ajiye a kwando. Na ɗan janye kofin, na sake komawa, sai ga zaƙi ya leƙo daga ƙarƙashi, irin na busasshen dabino da zabibi. A baki yana da kauri, yana bin harshe kamar mai. Da farko zaƙin ne ke gaba, sannan ɗan gishiri, sannan hayaƙin ya taso ya cika baki har hanci. Zafinsa bai yi mini tsinin da na zata ba, a hankali ya sauka ƙirji. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne daɗewarsa. Mun ci gaba da hira, an kwashe kwanuka, amma ɗanɗanon toka da zaƙi yana nan a maƙogwarona. Wanda ya taɓa shan ruwan sabuwar randa da aka turara zai gane kusan abin da nake nufi, yadda hayaƙi ke zama cikin ruwa ya ƙi fita.

Dattijon ya ɗiga mini ruwa kaɗan da ƙaramin cokali, ya ce in sake gwadawa. Warin asibitin ya ja baya, zaƙin ya matso gaba. Ya ɗaga nasa kofin ya faɗi wata kalma ta harshensu na Gelik, wadda ma'anarta "lafiya". Na ce masa, "Baba, mu ma da ita muke gaisuwa."

Daren nan na kasa barci da wuri, domin Kaka ce ta cika mini ido. Burkutu take dafawa, da shi ta biya kuɗin makarantar mahaifina. Ina 'yar shekara bakwai ko takwas nakan taya ta. Takan jiƙa jar dawa a randa, ta tsame, ta baza a ƙasan ɗaki mai duhu, ta rufe da ganyen ayaba, safe da yamma tana yayyafa ruwa. Bayan 'yan kwanaki sai ka ga kowace ƙwaya ta fitar da farin ƙaho. Takan ɗauki ɗaya ta murje tsakanin yatsa da babban yatsa, ta sa a baki, ta ce ya yi ko bai yi ba. In ya yi, sai a shanya a rana, a niƙa, a dama, a dafa a manyan tukwane, a bar shi ya yi tsami, a sake dafawa, a bar shi ya tashi. Hayaƙin murhun nan ya kama rufin ɗakin har ya yi baƙi wul, ya kama zanenta, ya kama ni ma in na kwanta a jikinta. Ko a gidajen da ba a san burkutu ba an san tsiro, domin mai kunun zaƙi ta gaske da shi take samo zaƙin kununta.

Abin da Kaka ke yi da dawa, shi mutanen Islay ke yi da sha'ir. Ƙwayar hatsi gari ce a ciki, kuma yis ba ya cin gari, sukari yake ci. In ƙwaya ta fara tsira, takan saki wasu sinadarai da ke mayar da garin sukari don ciyar da ɗan tsiron. Sai mutum ya tsayar da tsirar a daidai wannan gaɓa, ya busar, kafin tsiron ya cinye abincin. Bambancin kawai shi ne Kaka tana da rana. Su ba su da ita, kuma tsibirin ba shi da itatuwa sosai. Abin da Allah ya ba su shi ne wata baƙar ƙasa ta dausayi da suke kira pit. Gansakuka ce da ciyawa da ƙananan tsirrai da suka mutu cikin ruwa, ba su ruɓe duka ba, suka danne juna shekara da shekaru. Kaurinta yana ƙaruwa da kamar milimita ɗaya a shekara, wato ramin da ya kai mita ɗaya ya haɗiye shekara dubu. Akan yanka ta da wani irin magirbi, a jera ta sha iska, ta bushe ta zama makamashi, kamar yadda ake yi da kashin shanu inda itace ya yi wuya. Washegari dattijon ya miƙa mini guda a bayan gidansa. Ba ta da nauyi, ana ganin zaren saiwoyi a jikinta, kuma ba ta da wani wari sai an sa mata wuta.

Hayaƙin wannan ƙasa ne ake turawa ta ƙarƙashin tsiron tun yana da danshi, domin a lokacin ne yake kamawa. A cikin hayaƙin akwai dangin sinadarin da ake kira finol, kuma ana auna yawansa. Tsiron da ake yi wa Lagavulin yana ɗauke da wajen kashi 35 cikin miliyan. A nan ne na gane dalilin da hancina ya kai ni ɗakin wankin ciwo. Finol shi ne maganin da likita Joseph Lister ya fara wanke raunuka da shi a babban asibitin Gilasgo a 1865, abin da ya canza aikin tiyata a duniya. Shi ne kuma warin jan sabulun nan da ake wanke hannu da shi a asibitocinmu na da. Hancina bai yi ƙarya ba, dangi ɗaya ne.

Da hantsi muka kama hanya a ƙasa. Akwai wata 'yar turba da aka gyara daga Port Ellen, tana bin gaɓar teku kilomita biyar da ɗan ɗori, ta ratsa masana'antu uku a jere: Laphroaig, sai Lagavulin, sai Ardbeg. Dukansu fararen gine-gine ne a bakin ruwa, an rubuta sunan kowacce da manyan baƙaƙen haruffa a bangon da ke fuskantar teku, domin a da ta jirgin ruwa ake kawo kaya a kwashi ganguna. Sunan Lagavulin daga Gelik ne, ma'anarsa kwarin da injin niƙa yake. Tana zaune a cikin wani ɗan lungun teku, kuma a bakin lungun akwai kufan wata tsohuwar ganuwa, Dunyvaig, inda zuriyar MacDonald masu sarautar tsibiran nan suke ajiye jiragensu na yaƙi. Mun hau har kusa da kangon, iska tana neman ture mu. Daga can masana'antar ƙarama ce ƙwarai, ba za ka ce daga nan kwalaben da ke filayen jiragen sama na duniya suke fitowa ba.

Tun kafin a san da lasisi mutanen lungun suna dafa wuski a ɓoye, suna wasan ɓuya da masu karɓar haraji. A 1816 wani mai suna John Johnston ya kafa masana'anta ta halal a idon hukuma, shekara guda bayan haka wani ya kafa ta biyu a gefenta, daga baya aka haɗe su. Amma labarin da ya fi zama mini a rai na Peter Mackie ne, mai wuskin nan na White Horse, wanda Lagavulin ta koma hannunsa a ƙarshen ƙarni na 19. Shi ne dillalin maƙwabciyarsa Laphroaig, yana sayar mata da kaya, har suka ɓata a 1907 aka ƙwace dillancin. Ransa ya ɓaci, ya sa aka tare musu hanyar ruwa da duwatsu, kotu ta ce ya buɗe. Sai ya ce to shi ma zai yi irin nasu. A 1908 ya gina wata ƙaramar masana'anta a cikin harabar Lagavulin mai suna Malt Mill, ya sa aka ƙera tukwane irin na maƙwabtan, har ya janyo ma'aikacinsu. Tazarar wuraren biyu ba ta kai tafiyar rabin awa a ƙasa ba. Duk da haka abin da ya fito bai zama Laphroaig ba. Malt Mill ta yi aiki har 1962 aka rufe ta. Da na ji wannan sai na tuna yadda mata uku a unguwarmu suke sayen dawa a kasuwa ɗaya, su ɗebi ruwa a rafi ɗaya, amma mai sha yana kurɓa zai gaya maka ta wace ce.

A cikin masana'antar Lagavulin, ɗakin da ya fi kama ni shi ne na manyan kwatarniyoyin katako inda ruwan tsiro ke tashi. Mai zagayawa da mu ta ɗaga murfi ta ce mu leƙa a hankali. Kumfa ce ke motsi a kai, iska mai kaifi ta buge ni har idona ya kawo ruwa, a ƙarƙashinta kuma ga wannan tsami-tsami mai ɗumi na tukunyar Kaka a kwana na ƙarshe. Abin da ke cikin kwatarniyar nan ɗan'uwan burkutu ne, ƙarfinsa bai wuce kashi takwas ko tara cikin ɗari ba. Inda Kaka take tsayawa ta ɗauko ƙwarya, nan su suke fara rabin aiki na biyu.

Tukwane huɗu ne na jan ƙarfe, masu ƙaton ciki da wuya mai lanƙwasa. Ana dafa ruwan a biyu na farko, tururin ya hau wuya, ya bi bututu mai sanyi ya koma ruwa. Sai a sake dafa wannan a biyu na ƙarshe. Jan ƙarfe yana tsotse wasu abubuwa masu nauyi daga tururi, don haka yawan gogayyar tururi da jikin tukunya shi ke sa wuski ya fito da sauƙi. A Lagavulin suna cika tukwanen sosai, filin da tururin zai taɓa ya ragu, nauyin ya tsira. Sannan suna dafuwa ta biyu a hankali, kusan awa goma. Abin da ya fara zubowa ba a ɗauka, na ƙarshe ma ba a ɗauka, ana mayar da su tukunya, tsakiyar kawai ake tarawa. Kaurin nan da na ji yana bin harshena, daga wannan ɗaki ya fito. Ruwan da ke fita kuwa fari ne tas kamar na famfo.

Launi da zaƙi aikin ganga ne. Dokar ƙasar ta ce ba za a kira abu wuskin Sukotlan ba sai ya kwana aƙalla shekara uku a gangar itacen oak, a cikin ƙasar, kuma ƙarfinsa a kwalba kada ya gaza kashi 40 cikin ɗari. Wannan tamu 43 ce. In an ce "singil molt", ana nufin tsiron sha'ir zalla, daga masana'anta guda, a irin waɗannan tukwane. Lambar 16 kuma shekarun mafi ƙanƙanta ne a cikin gangunan da aka haɗa, ana iya samun wadda ta girme ta amma ba wadda ta gaza. Yawancin gangunan da ake amfani da su a ƙasar kwance ne daga Amurka, saboda dokar can ta tilasta masu wuskin bobon su yi amfani da sabuwar ganga kowane karo, sai su sayar da tsofaffin. Wasu kuma daga Sifen suke, an taɓa zuba musu giyar inabi. Itacen yana numfashi: da zafi ruwan ya shiga jikinsa, da sanyi ya fito, ya ɗebo zaƙi da ƙamshi. A hankali kaifin hayaƙin yana kwanciya. Kowace shekara kuma wajen kashi biyu cikin ɗari yana bin iska, abin da suke kira rabon mala'iku. In ka lissafa shekara 16, fiye da rubu'in gangar ya tafi. Launi kam kada ya ruɗi kowa, domin doka ta yarda a ƙara ɗan launin ƙonannen sukari don kwalabe su yi kama da juna.

Akwai maganar da na ji ana yawan yi, wai gishirin da ake ji a ciki iskar teku ce ta ratsa gangunan a ɗakunan ajiya na bakin ruwa. Na shiga ɗaya daga cikin ɗakunan, ƙasa ce a daɓe, bango ya yi baƙi, ana jin ruwa yana dukan dutse a waje, kuma a wurin maganar tana da daɗin yarda. Amma gaskiyar ita ce kaso mai yawa na abin da Lagavulin ke dafawa ana ɗaukarsa a tanka a haye da shi babban yankin ƙasar, can yake tsufa a rumbunan kamfanin Diageo mai masana'antar. Ko tsiron ma tun 1974 suka daina yi da kansu a daɓe, daga ginin nan na Port Ellen ake kawo musu. Ni a ganina wannan bai rage mata komai ba. Ya dai nuna inda ɗanɗanon yake da tushe: a hayaƙin pit, da yadda ake cika tukunya, da haƙurin mai kula da wuta. Na fi son a yaba wa waɗannan mutane da a yaba wa iska.

Haƙurin kuwa yana da tsada. A shekarun 1980 kasuwar wuski ta faɗi, masana'antu da yawa suka rufe, har da ta garin Port Ellen a 1983, wadda sai 2024 aka sake buɗe ta. Lagavulin ta tsira amma kwana biyu kawai take aiki a mako. A 1988 aka sa 'yar shekara 16 cikin jerin wuski shida da kamfanin ya tallata wa duniya, mutane suka so ta fiye da yadda aka zata. Da aka shiga shekarun 2000 sai ga ƙaranci, domin abin da ba a dafa ba shekara 16 baya, babu kuɗin da zai sayo shi yau. Dattijon ya ce yana tuna lokacin rufe-rufen, samari da yawa suka bar tsibirin, wasu ba su dawo ba.

Ba zan rufe ido a kan ɗaya gefen ba, domin ina ganinsa a wurin aiki. Na yi jinyar mutanen da giya ta cinye musu hanta, idanu sun yi ɗorawa, ciki ya kumbura, wasu ba su kai hamsin ba. Matsalar ta kai har gwamnatin Sukotlan ta kafa mafi ƙarancin farashin giya a 2018, ta ƙara shi a 2024. A ƙauyenmu ma na san gidajen da ƙwaryar burkutu ta rusa, kuma dalilin da mahaifiyata ta tsane shi ke nan, ban taɓa ganin laifinta ba. Kaka da kanta takan kori mutum in ta ga ya wuce kima, ta ce ya tafi gida matarsa na jira. Shi ya sa hannun da dattijon nan ya ɗaga ya tsaya mini a rai. Cokali biyu ya zuba, ya mayar da kwalbar kabad, ya juya makulli.

Da na dawo Gilasgo na sayi tawa kwalbar, sannan na kira Goggo, ƙanwar mahaifina, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka tsaya a gaban murhun nan. Na ce, "Goggo, tsiron Kaka kwana nawa yake yi kafin a shanya?" Ta yi shiru, ta ce me ya tuno mini da wannan a ƙasar Turawa. Na ba ta labarin sha'ir da baƙar ƙasa da tukwanen jan ƙarfe. Ta ce da zafi kwana uku zuwa huɗu, da hunturu yakan kai biyar, amma Kaka ba ta ƙirga kwana, da yatsa take ji. Na ɗauko takarda na ce ta fara mini daga jiƙo, kada ta tsallake komai. Mun yi fiye da awa ɗaya, katin ya ƙare na sake sawa. Kafin mu yi sallama na tambaye ta babbar tukunyar nan mai tsaga a baki. Ta ce tana nan a bayan rumbu, an kife ta, kaji suna ƙwai a gindinta.